Bimbinin Safiya: Abin da Ke Ratsa Ƙasa

Allah Ya tashe mu lafiya, ga wata sabuwar rana an ɗora mana amanarta. Kafin gari ya ɗauki hayaniya, mu ɗan zauna mu yi bimbini a kan ruwan da muka yi alwala da shi ɗazu. Ko da guga aka jawo shi daga rijiya, ko mai ruwa ne ya turo shi a kura daga burtsatsen unguwa, wannan ruwa ya sha tafiya a inda ido ba ya kaiwa. Ruwan sama ne na wata damina, wataƙila ta bara, wataƙila ta zamanin da ba a kafa garinmu ba. Ya sauka, ƙasa ta shanye shi, ya dinga naso tsakanin ƙwayoyin yashi har ya iso gindin rijiya. A wurare da dama, tafiyar da yake yi a yini guda ba ta kai mita ɗaya ba.

Da yawanmu muna zaton koguna ne ke gudu a ƙarƙashin ƙasa, mai haƙar rijiya kuma sa'a yake yi ya faɗa kan ɗaya. Galibi ba haka abin yake ba. Ɗebi yashi a tafin hannunka ka duba shi a hasken safiya. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai 'yar kafa, wata a buɗe, wata a matse, wata ta tafi kaɗan ta toshe. A cikin waɗannan kafofi ruwan yake zaune, ta cikinsu yake tafiya. Wanda ke manne da jikin ƙwayar yashi ba ya motsi sam, na tsakiyar kafar ne ke gudu. In kafa mai siffar bututu ta ragu da rabin faɗinta, ruwan da zai wuce ta cikinta kashi ɗaya cikin 16 ne kawai na wanda yake wucewa a da. Masana sun san ƙa'idar gudun ruwa a irin wannan matsatsi tun ƙarni na 19, ta hannun Navier a Faransa da Stokes a Ingila. Sai dai sanin ƙa'idar kafa ɗaya bai kashe ƙishirwar kowa ba, domin kafofin da ke ƙarƙashin gona guda sun wuce ƙirge, kuma babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wani injiniya ɗan garin Dijon a Faransa, Henry Darcy, shi ya fara samo bakin zaren. Mutum ne da ya damu da ruwan shan garinsu. Shi ya jawo wa Dijon ruwa daga marmaron Rosoir ta rufaffiyar hanya mai tsawon fiye da kilomita 12, aka kafa famfuna a tituna kowa ya ɗiba. Daga baya hankalinsa ya koma kan yadda ake tace ruwa da yashi. A 1855 da farkon 1856, a harabar wani asibiti na garin, ya tsayar da bututu mai faɗin santimita 35, ya cika shi da yashin kogin Saône, ya saki ruwa ta sama. Ya liƙa ma'aunan zaiba a sama da ƙasan yashin don ya ga ƙarfin turin ruwa, ya kuma dinga auna abin da ke fita a kowane minti. Duk lokacin da aka buɗe famfo a wani sashe na asibitin, zaibar takan yi rawa, sai an lura sosai kafin a karanta ta. Abin da ya gano a ƙarshe ko yaro zai riƙe shi: in ka ninka bambancin turi tsakanin sama da ƙasa, ruwan da ke fita zai ninka, in ka ninka kaurin yashin, zai ragu da rabi, kowane irin yashi kuma yana da lambarsa guda da ke nuna sauƙin ratsa shi. Ya wallafa wannan a 1856, ya rasu a 1858. Har yau da ƙa'idarsa ake lissafin burtsatse da madatsar ruwa da rijiyar mai.

Darcy bai leƙa kafa ko ɗaya ba. Daga waje ya auna, ya ga tsari. Tambayar da ta rage wa masana lissafi ita ce: ta yaya wannan rikitacciyar tafiya, mai kwana-kwana sau miliyoyi, take haifar da ƙa'ida miƙaƙƙiya haka? Amsar da ta gamsar ta zo ne bayan kusan shekara 120, ta hanyar wani reshe na lissafi da za mu kira dabarar dunƙulewa. A 1975 Horia Ene da Enrique Sanchez-Palencia suka nuna hanyar, a 1980 Luc Tartar ya kawo cikakkiyar hujja.

Ga yadda suka yi. Dubi tabarma: in ka fahimci yadda aka saƙa ɗan gurbi ɗaya, ka fahimci tabarmar duka, domin gurbin ne ake ta maimaitawa. Sai suka ƙaddara ƙasa a haka, gurbi ɗaya mai 'yan ƙwayoyi da kafofinsu, ana maimaita shi gabas da yamma, sama da ƙasa. Suka warware lissafin Stokes a cikin wannan gurbi ɗaya tak: aka tura ruwa da turi mai awo ɗaya, aka duba yawan da ya wuce. Sannan suka tambaya, me zai faru in gurbin ya yi ta ƙanƙancewa idan aka kwatanta shi da girman filin, har ya kusa zama babu? Sai ga ƙa'idar Darcy ta fito da kanta, kuma lambar nan da Darcy ya auna da bututu ta zama amsar lissafin gurbi ɗaya. A 1989 wani masanin lissafi ɗan Kamaru, Gabriel Nguetseng na Jami'ar Yawunde, ya kawo hanyar da ta sauƙaƙa irin waɗannan hujjoji ƙwarai, Grégoire Allaire ya faɗaɗa ta a 1992. Asalin tunanin shi ne a riƙa duban kowane ɗigo ta fuska biyu a lokaci guda: ina yake a cikin babban fili, ina kuma yake a cikin ɗan gurbinsa. Ina jin daɗi duk sa'ad da na tuna cewa daga maƙwabtanmu wannan mabuɗi ya fito, kuma yau ana koyar da shi a jami'o'in duniya. Ƙasa ta gaskiya ba ta maimaita kanta daidai wa daida, shi ya sa wasu masanan suka faɗaɗa aikin zuwa ƙasar da kafofinta ke warwatse barkatai, ƙa'idar kuma ta tsaya.

To, ɗan'uwa, mene ne gurbin da ake maimaitawa a rayuwarka? Yini ne. Asuba, karin kumallo, hanyar kasuwa ko ofis ko gona, azahar, mu'amala da mutane, komawa gida, isha'i, barci. Ranar da aka ɗauki mutum zuwa makwancinsa, jama'a kan dunƙule shekarunsa sittin ko saba'in a magana guda. Su ce mutumin kirki ne, ko su yi shiru su sunkuyar da kai. Wannan magana guda daga ina ta fito? Daga wata Talata ce da ba wanda ya tuna da ita, wadda aka maimaita sau dubbai. Muna yawan jingina gyaran kanmu ga manyan ranaku, in azumi ya zo, in na je Hajji, in na yi ritaya. Waɗannan ranaku masu daraja ne, Allah Ya kai mu. Amma halin da iyalinka suka san ka da shi a irin wannan safiya aka gina shi, wadda ba ta da suna.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin a nan lissafin ya faɗi abin da zuciya ba ta son ji. Mutum zai zaci dunƙulewa tana nufin a tara komai a raba, a fitar da matsakaici. Ba kullum ba. Mu ɗauki misali da ƙasa mai kaurin mita 10: mita 9 yashi ne mai kyau, mita 1 kuma shimfiɗar laka ce a tsakiya. A ce sauƙin ratsa yashin 10 ne, na lakar kuma 0.001, wato ya gaza na yashin sau 10,000, abin da ba baƙo ba ne a ƙasa. In ruwan yana tafiya a kwance, yana bin tsawon shimfiɗun, lakar ba ta dame shi ba. Zai bi ta yashi, lambar ƙasar duka ta zama 9. In kuwa tafiyar daga sama zuwa ƙasa ce, dole kowane ɗigo ya ratsa lakar, sai lambar ta faɗo zuwa kusan 0.01. Ƙasa ɗaya, yashi ɗaya, laka ɗaya, amma bambancin ya kai ninki 900. Ko ka ninka kyawun yashin sau goma, in lakar tana nan, abin da zai ƙaru a ruwan da ke sauka bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san wannan da hannunsu. Za su sami ƙasa jiƙe sharkaf a saman laka, su huda ta, su tarar da busasshen yashi a ƙarƙashi.

Mu kuwa da lissafin matsakaici muke auna kanmu. Ina salla a kan lokaci, ina azumin nafila, ina sadaka ranar Juma'a, ba na sha, ba na caca, abu tara ke nan. Na goman shi ne gabar da ke tsakanina da ƙanena shekara da shekaru, ko gonar marayun da ke hannuna har yanzu ban raba ba, ko mudun da gindinsa ya ɗan shige ciki, ko harshen da matata ke fargabar ji da zarar na shigo gida. Sai mu ce tara cikin goma ai ci ne. Ba mizanin Lahira nake magana ba, wannan na Allah ne Shi kaɗai, kuma rahamarSa ta fi ƙarfin lissafin bawa. Ina magana ne a kan abin da ke isa ga mutane daga gare mu. Alherin da zai fito daga zuciyarka ya kai ga ɗanka, dole ya ratsa dukkan shimfiɗun halinka, har da ta lakar. Yaron da ke jin tsawarka kullum ba ya ɗanɗanar nafilfilinka na dare. Marayan da ke kallon gonar ubansa a hannunka, sadakarka ta Juma'a ba ta iso shi ba. Kuma mun fi son ƙara yashi a kan yashi, domin ya fi sauƙi. Ƙara raka'a biyu ya fi sauƙi a kan ɗaukar waya a kira ƙane a ce masa a yi haƙuri.

Akwai wani abu game da laka da yake ba mutane mamaki. In aka auna yawan sararin da ke cikinta, sau da yawa ta fi yashi. Laka na iya zama rabinta duk kafofi ne cike da ruwa, yashi kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma kafofin lakar ƙanana ne ƙwarai, ruwan ya manne, ba ya sakuwa. Ka haƙa rijiya a cikinta ka kwana kana jira, guga bai cika ba. Akwai masu ilimi haka, akwai masu dukiya haka. Allah Ya raba mu da zama ma'ajiyar da ba mai sha daga gare ta.

Kada dai mu zalunci laka, ita ma Mahalicci bai yi ta a banza ba. A Borno, a kwarin Tafkin Chadi, ruwan ƙasa hawa uku ne, na sama da na tsakiya da na can ƙasa, kuma laka mai kauri ce ta raba su. Ita ta rufe ruwan tsakiya da na ƙasa dubban shekaru, ta hana ƙazantar sama kaiwa gare shi, ta riƙe masa ƙarfi. Shi ya sa da aka fara huda burtsatse masu zurfi a yankin, wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa da kansa ba famfo ba inji. Abin takaici, an bar da yawa suna malala dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa. Kamar wannan laka kunya take, da riƙe sirrin mutane, da kame baki daga gulma: shimfiɗu ne da ya kamata su hana abu wucewa. Abin tambaya shi ne inda lakarka ta kwanta. Ta tsaya tsakaninka da ɓarna, ko tsakaninka da mutanen da ke da haƙƙi a kanka?

Ruwa kuma ba ya tafiya hannu rabbana, yana ɗauke da abin da ya narke a cikinsa, gishiri ko taki ko ƙazanta. Wannan shi ne ɓangaren lissafin da ya shafi jigila. A 1953 G. I. Taylor a Ingila ya saka ɗan launi a ruwan da ke tafiya a hankali cikin siririn bututun gilashi. Launin bai tafi a dunƙule ba. Na tsakiya ya yi gaba, na gefe ya yi baya, ya bazu a tsawon bututun fiye da yadda zai bazu a ruwan da ke tsaye nesa ba kusa ba. A cikin ƙasa abin ya fi haka, domin hanyoyin sun bambanta, wata gajera wata doguwa. Sakamakon shi ne goshin ƙazanta yakan riga lissafin matsakaici isowa, wutsiyarta kuma takan daɗe ba ta ƙare ba. Inda dutse ne mai tsagogi, lamarin ya ƙara tsanani. Barenblatt da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyet sun bayyana tafiyar ruwa a irin wannan dutse a 1960, aka kuma tabbatar da bayaninsu da dabarar dunƙulewa a 1990. A irinsa, ruwa yana gudu da sauri ta tsagogi, jikin dutsen kuma yana tsotsar ƙazantar a hankali, ya riƙa sakinta kaɗan kaɗan bayan an daɗe da toshe tushenta.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Kano da Zariya a kan tsohon dutse suke zaune, ruwan rijiyoyinsu yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa. A unguwanninmu masu cunkoso, sau nawa masai yake jingine da katanga, rijiyar maƙwabci kuma tana bayan katangar? Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar mita 30, kuma inda dutse ke da tsagogi ko wannan ba lallai ta wadatar ba. Katanga a sama take raba gidaje, a ƙasa babu katanga. In damina ta yi nisa, ruwan ƙasa ya taso, amai da gudawa suka shiga gidan maƙwabci, mukan je gaisuwa mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya haƙa ramin za a tambaye shi. Ni a ganina, mutumin da ya kashe kuɗinsa ya gyara masansa don kada ya cuci rijiyar maƙwabci ya yi ibada, ko da ba wanda ya sani. Maganar da muke saki ma haka take tafiya. Kalmar da ka faɗa wa yaro cikin fushi ta riga ka isa inda ba ka nufa ba, zuciyarsa ta tsotse ta, tana kuma sakinta shekaru bayan kai ka manta.

Me ya sa masana suka ƙirƙiro dabarar dunƙulewa tun farko? Saboda gazawa. Ba za su iya bin kowane ɗigo ba, sai suka nemi hanyar da za su yi watsi da ƙananan bayanai ba tare da sun yi ƙarya a kan babban ba. Aiki ne mai kyau na masu gaskiya, kuma iyakar ɗan Adam ke nan. Haka hukuma ke ƙirga mu, haka tarihi zai dunƙule mu in ma ya tuna. Ubangijinmu kuwa ba Ya buƙatar matsakaici. Ya san kowace kafa a ƙarƙashin kowace gona, Ya san ɗigon da ya shiga kafar da ta toshe ya zauna can shekara dubu. Suratul Zumar tana jawo hankalinmu ga yadda ake shigar da ruwan sama cikin ƙasa ya zama maremari, Suratul Mulk kuma ta rufe ne da tambaya a kan wanda zai dawo mana da ruwa in ya nutse ya yi nisa. Wanda Ya tsara kafofin nan yadda za su riƙe ruwa su kuma sake shi, Shi ne ke duban kwanakinmu ɗaya bayan ɗaya.

Akwai tsoro a cikin wannan, domin lakar da na ɓoye wa jama'a ba ta ɓoyu gare Shi ba. Akwai kuma sanyin zuciya mai yawa. 'Yar'uwa, ke da kike tashi tun kafin kiran salla ki hura wuta, ki wanke tsohuwar da ba ta iya tashi, ki shirya yara, kuma ba a taɓa kiran sunanki a taro ba: a lissafin mutane kin narke a cikin jimla, a wurin Allah kowace safiyarki a rubuce take daban. Malam mai koyar da yara a ajin da rufinsa ke yoyo, albashi bai zo ba amma ka zo, kai ma haka. Ruwan da ke shayar da gari mita ɗaya yake yi a yini, wani lokaci bai kai ba.

Saboda haka kafin ka sa takalmi, ka kira lakarka da sunanta a gaban Ubangijinka. Kai ka san ta, ba sai wani ya nuna maka ba. In gaba ce, yau ka kira. In haƙƙin wani ne a hannunka, yau ka fara mayarwa, ko da kaɗan ne. In masanka na kusa da rijiyar maƙwabci, ka je ka same shi ku yi magana kafin damina ta sauka.

Ya Allah, Ka buɗe abin da ya toshe tsakaninmu da bayinKa, Ka toshe abin da ke kai cutarmu gare su. Ka yafe mana abin da muka saki cikin jahilci wanda har yanzu yake tafiya a zukatan mutane. Ka albarkaci rijiyoyinmu, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka sa yinin nan ya zama irin wanda ba za mu ji kunyar a maimaita shi ba. Amin. A tashi lafiya, ɗan'uwa, a je a yi kiran nan tun rana ba ta yi zafi ba.